Rabin Fuskar Sarauniya

Godiya ta tabbata ga wanda ya saukar da ciwo ya kuma saukar da maganinsa. Ni ba marubuciya ba ce, 'yar kasuwa ce, gwanjon labule da zanin gado nake sayarwa a Tamale. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, tun da Mma ta samu sauƙi mata ke tare ni a rumfa suna cewa, "Ramatu, wai da gaske ne aljanar Bature ce ta shiga tsohuwarki?" Na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya. Ga labarin nan yadda ya faru, duk mai tsoho a gida ya karanta da kyau.

Mma ita ce mahaifiyata. Tun rasuwar Baba na dawo gidanmu na Sakasaka nake zaune da ita. A zamaninta ita ke yi wa amare ɗinkin fure a rigar filo da zanin gado, har daga ƙauyukan Dagomba ake kawo mata aiki. Da injin ya zo sana'ar ta mutu, ta koma zaman baranda da carbi. Tana da hawan jini, amma ta daɗe da ajiye maganin, wai ta warke, kuma Mma ba wadda ake ja da ita ba ce.

Wata safiya na kwance dila, wato ƙullin kayan gwanjo, a rumfa, sai ga wata leda a tsakanin labulaye. A ciki akwai ƙyalle mai ƙananan ramuka irin na rariya, an buga hoto a jikinsa, ga zare kala-kala an jera a kwali, ga takarda mai nuna yadda aikin zai fito in an gama. Hoton wata sarauniyar Turawa ce ta zamanin da, irin waɗanda masu zane suka zana tun ba a san kyamara ba. Fuska fara fat, gashi ja, an kewaye mata wuya da wani farin abu mai tattara kamar faifai, duwatsun wuya har ciki. Wani ya riga ya fara ɗinkin, ɗan lungu a ƙasa, ya bar allurar a soke har ta yi tsatsa. Na san ba mai saye, sai na kai wa Mma.

Ta ɗaga takardar ta yi dariya. "Wannan baiwar Allah mijinta ba ya ba ta abinci ne? Dubi wuya."

Amma ta karɓa. Kullum in ta sha koko sai ta ɗaura ƙyallen a zoben katako ta zauna. Daga ƙasa ta fara, ta ɗinke rigar sarauniya kaf, dama da hagu, tsaf da ita. Rabon da in ga Mma da walwala haka tun Baba na da rai. Har waƙa take yi.

Sai wata Laraba ta tashi da ciwon kai, ta ce jiri na ɗibar ta. Na sayo mata magani a kemis, ta kwanta, washegari ta ce ya sake ta. Ta koma kan aikinta. A lokacin ta iso fuska. Ta ɗinka ido ɗaya, kumatu ɗaya, rabin hanci, rabin baki, ta miƙe da gashin dama har sama. Ɗaya gefen kuwa ko zare ɗaya bai taɓa shi ba.

Na ce, "Mma, ba za ki ƙarasa fuskar ba?"

Ta ce, "Na ƙarasa mana. Me ya rage?"

Anti Zuwera, ƙanwar Mma da ke aure a Gumbihini, tana wurin ranar. Ita ta warware mini. Ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san Yaya ba. Tun muna 'yan mata ba ta taɓa cika hoton mai rai ba. In ta ɗinka tsuntsu a filo sai ta bar shi ba ido, don malaminmu ya ce wanda ya cika surar mai rai, ran gobe za a ce ya hura mata rai. Tsoron Allah ne, bar ta." Na tuna tsofaffin rigunan filon da ke akwati, lalle tsuntsayen ba su da ido. Muka yi ta sa mata albarka. Maƙwabta suka shigo ana nuna musu, ana cewa kai, Hajiya ta san addini. Ciwo na zaune a tsakar gidanmu, mu kuwa muna yaba masa.

Mako na biyu ne abin ya fara ba ni tsoro. Mma ta fito za ta gaisuwar suna, kwalli a idon dama kawai, ɗankunne ɗaya. Ta bugi ƙyauren ɗaki da kafaɗar hagu, ta zagi kafinta. Maƙwabciyarmu ta zo ta gefen hagu ta yi mata dasiba, gaisuwar safe ta Dagomba, har sau nawa, Mma ta amsa tana duban bango. Amma abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne tuwo. Na zuba mata a faranti, ta cinye gefe ɗaya tas, ta tsaya daidai tsakiya, ta ce na yi mata rowa. Na sa hannu zan ɗauke, farantin ya juya. Sai ta dube shi ta ce, "Yauwa, kin ƙaro." Ta ci gaba da ci. Na fita bayan gida na tsuguna.

Na kira Anti Zuwera da yayana, Bra Muntari, wanda ke zaune a Kasalgu. Suka zo suka ga abin da idonsu. Bakin da ya ce tsoron Allah ne makon jiya, shi ne ya juya yau.

Anti ta ce, "Ƙyallen nan ne. Kayan dila kayan matattun Turawa ne, kowa ya sani. Mai shi ta mutu ba ta gama ba, ba ki ga allurarta ba? Ta biyo aikinta, ta karɓi rabi."

Bra Muntari ya ce, "Ke ma Ramatu, duk abin da kika tsinta sai kin kawo gida? A ƙone shi yau ɗin nan."

Na so in yi musu, amma gaskiya ni ma na tsorata. In na dubi idon nan ɗaya na sarauniya sai in ga kamar ni yake bi. Na ɗauki ƙyallen na ce zan ƙone, na kai har bakin kurfotin gawayi, na kasa. Aikin Mma ne na wata guda. Na naɗe shi a buhu na kai rumfa na cusa a ƙarƙashin kaya, ko gefen ba na son zama. Mma ta neme shi, muka ce ɓera ya ci, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Mako na uku ya tafi a rubutu da turare da saiwoyi. In faɗi gaskiya, malamin da muka je wurinsa ya ce a haɗa da asibiti. Mu ne muka ɗauki maganar da ta yi mana daɗi muka bar ɗayar. Bra Muntari ya kawo wani mai sayar da tabarau, ya haska mata ido ya ce ƙalau yake don shekarunta. Wannan ya ƙara wa Anti ƙarfi. "Kun gani? Ido lafiya, mutum ba ya gani. Wannan ciwon asibiti ne?" Ita kuwa Mma cewa take lafiyarta lau, mu ne muka haukace. Kowa ya shigo da nasa maganin. Wata ta ce a shafa mata kitsen damo, wani ya ce a kai ta ƙauye wurin wani tsoho. Ni dai na daina barin ta kusa da wuta, na ɓoye wuƙaƙe, in ina kasuwa wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Ta ɗauki buta za ta alwala, na ji butar ta faɗi, sannan na ji ƙarar faɗuwar mutum. Na same ta a ƙasa, baki ya karkace, miyau na zuba. Na ɗago ta. Ta dubi hannunta na hagu da ke kwance a cinyarta, ta ce da wata murya mai nauyi, "Hannun wa ne wannan? Ramatu, ɗauke shi daga jikina." Duk tsoron da na taɓa ji a duniya bai kai na wannan maganar ba. Na yi ihu har masu shagon bakin titi suka shigo. Su suka tare mana yalo-yalo, ɗan keken nan mai ƙafa uku, muka cusa ta ciki ina riƙe da kanta.

A asibiti muka tarar da layi har waje. Katin inshorarta ya ƙare ba mu sabunta ba, Bra Muntari ya tafi neman yadda za a yi, ni ina kan benci da Mma tana zamewa ina tarowa. Wata nas ta zo wucewa, ta dube ta sau ɗaya, ta dawo da abin awon jini. Ta auna, ta sake aunawa, ta kira 'yar'uwarta ta nuna mata, ba wadda ta ce mini komai. Nan da nan aka kawo keke. Allah ya saka wa yarinyar nan, ban ma san sunanta ba. Aka ce sai an ɗauki hoton kai, kuma kati ba ya biyan wannan. Dilar da ban kwance ba na sayar a ranar, a faɗuwa, Bra Muntari kuma ya sayar da tumakinsa.

Likitar mace ce, Badagomba, ƙarama da ita, Hausarta irin ta kasuwa. Ta ɗaga hoton ta ce sitrok ne, wato shanyewar ɓarin jiki, jini ya toshe a kai. Sannan ta tambaye mu yaushe ya fara. Muka haɗa baki muka ce yau.

Ta girgiza kai. "Ba yau ba. Tabo biyu ne. Wannan sabo, wannan ya daɗe kaɗan. Mma bai yi wani abu daban ba kwanakin baya?"

Ni na ba ta labarin tuwo da kwalli, sannan cikin kunya na faɗi na ƙyallen. Na ɗauka za ta yi mana dariya. Sai ta ce in kawo shi ta gani. Bra Muntari ya harare ni, don a lokacin ya gane ban ƙone ba.

Washegari na kawo. Ta shimfiɗa shi a tebur, ta sa yatsa a kan rigar sarauniya tana hawa sama. "Nan lafiya. Nan lafiya." Da ta iso haɓa ta tsaya. "Nan ciwo ya shiga." Ta ce idon Mma ba abin da ya same shi. "Ido yana gani, amma kan shi ya manta akwai hagu. Da kun kawo shi ranar da ya ɗinka wannan, wataƙila da mun tare na biyu." Har yau in na rufe ido ina jin maganar nan, da wataƙilar da komai. Anti ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban ɗora mata laifi ba, don ni ma da bakina na yi ta yabon.

Zaman jinya a ɗakin mata, wanda bai yi ba ba zai gane ba. Likita ta ce duk abin da za a yi wa Mma a yi shi ta hagu, abinci, ruwa, magana, don a tilasta wa kan ya tuna. Saboda haka ni ce mai zaman hagu. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke goge mata baki. Amma ba ta ganina. In na yi magana sai ta juya dama tana nema. "Ramatu? Ina kike?" Alhali hannunta na cikin nawa. Anti kuwa in ta zo da rana sai ta tsaya ta dama, inda ya fi sauƙi, ta sha albarka. Rannan ina zaune, ina riƙe da kofi, na ji Mma tana gaya wa masu dubiya, "Zuwera kaɗai ke kula da ni. Ramatu ta zaɓi kasuwarta." Suka dube ni, na dube su. Na san ciwo ne ke magana, amma sanin bai hana shi yi mini zafi ba. Abin da ya fi tsorata ni ba mutuwarta ba ne, Allah ya yafe mini. Tsorona ta mutu tana ganin na yar da ita.

Masu dubiya kuma, Allah ya ba su lada, amma wasu da sun zauna a gida ya fi. Mutum ya zo ya tsaya a kan mara lafiya yana ba da labarin wanda irin wannan ciwon ya kashe. Wata ta shigo da kwalbar magani a ɓoye cikin jaka, na kama ta tana ƙoƙarin ɗura mata, muka yi baram-baram har nas ta raba mu. A gefe guda ga matar da ke jinyar surukarta a gadon kusa, ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin yarenta, amma kullum sai ta raba ruwan zafinta da ni, in na fita sayen magani ita ke tsare mini Mma.

Sai da muka kusa wata aka sallame mu. Baki ya ɗan daidaita, tana takawa da sanda, hannun ya fara motsi, ta kuma yarda nata ne. Amma hagu har yanzu babu shi a duniyarta. Aka haɗa mu da wani saurayi mai koya wa marasa lafiya motsa jiki. Ya tambayi abin da Mma ta fi so ta yi, na ce ɗinki. Da ya ga ƙyallen sai ya ce maganin ke nan. Ya sa na ɗinka jan zare mai kauri daga sama har ƙasa a bakin ƙyallen na hagu. Dokar ita ce, kafin ta soka allura sai ta juya wuya har ta ga jan zaren, daga nan ta faro.

Bra Muntari ya ce ƙyallen nan ba zai sake kwana a gidan ubansa ba. Na ce to ya zo ya karɓi jinyar, ni in koma kasuwa. Ya bar mini ƙyallen. Anti ta je ta kai ƙara wurin malam, shi kuwa ya ce mata magani ake yi, ta bar mutane su yi. Mma da kanta ta fi kowa wahala. In na ce, "Mma, nemi ja," sai ta ce babu wani ja, ina yi mata wasa da hankali. Sau da yawa ta yi jifa da zoben. Hannun hagu ba ya iya riƙe shi, sai ya sulale, sai in tallafa ta ƙasa. Yini guda a samu layi biyu, su ma a karkace, matar da a da take gama zanin amarya tana hira. Ranar da ta fara gano jan zaren da kanta, ta ce, "Wa ya sa wannan mummunan abu a aikina?" Saurayin ya yi tafi, ni kuwa na kasa ko murmushi. Ta ga zare, ni da ke zaune dab da zaren ba ta gan ni ba.

Ba zan ce muku Mma ta warke ba. Likita ta ce mai yiwuwa ba zai dawo duka ba, kuma in aka yi wasa da magani na uku na iya zuwa. Har yau tana bugun ƙyaure wani lokaci. Ba ta tsallaka titi ita kaɗai, da waɗannan masu moto, wato babur, na Tamale. In ta ce kanta na ciwo, sai in ɗauko katin asibiti. Abin da nake roƙon ku shi ne, in tsohonku ya fara barin rabin abinci, ko ya sa takalmi ɗaya, ko ya yi aikin da ya saba yi rabi ya ce ya gama, kada ku tsaya neman masa fassara mai kyau ko mummuna. Ku yi addu'arku a cikin mota, kuna hanyar asibiti. Wanda kuma aka ba maganin hawan jini, jin sauƙi ba warkewa ba ne. Ina godiya ga likitar, da nas ɗin, da saurayin nan mai haƙuri, da Bra Muntari wanda ya rasa tumakinsa bai taɓa goranta mini ba, har da Anti Zuwera, wadda yanzu ita ke ƙirga wa Mma ƙwayoyi da safe.

Saura abu ɗaya, shi ne ya faru Juma'ar da ta wuce. Na wanke kai, ban ɗaura ɗankwali ba, na zo na zauna a wurina na hagu ina warware mata zare. Ta kai kunnen sarauniya na gefen da aka bari. Ta gama layi, ta fara juya wuya a hankali tana neman ja, kamar kullum. Ta same shi. Amma wuyan bai tsaya ba. Ya ci gaba da juyawa, ya wuce bakin ƙyallen, ya wuce hannuna, har idonta ya sauka a fuskata. Ta daɗe tana kallona. Sai ta saki zoben, ta ɗaga hannun nan na hagu yana rawa, ta taɓa gefen kaina.

"Ramatu, yaushe kika yi furfura haka?"

Hawaye suka zubo mini.

Ta dubi kujerar da nake kai, ta dubi zaren da ke cinyata. "Tun yaushe kike zaune a nan?"

Na ce, "Na daɗe, Mma."

Ta bar yatsunta a cikin gashina. Can ta ce, "To matso kusa. Kuma ki daina kukan nan, kina jiƙa mini zare."